Dokoki da manufofin rage iskar da ke ɗumama duniya a Najeriya

Dokoki da manufofin rage iskar da ke ɗumama duniya a Najeriya su ne dokokin majalisa, ƙa'idojin hukumomi, hukunce-hukuncen kotu da tsare-tsaren gwamnati waɗanda ake amfani da su wajen taƙaita fitar da iskar gas masu riƙe zafi a sararin samaniya. Babbar doka a wannan fanni ita ce Dokar Sauyin Yanayi ta shekarar 2021, wadda ta kafa Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi. Kafin ita akwai dokokin hana ƙona iskar gas a rijiyoyin mai tun daga 1979, da dokokin kare muhalli tun daga 1988. A jihohin arewa irin su Katsina, inda babu rijiyoyin mai, waɗannan manufofi sun fi bayyana ta fuskar wutar lantarki ta hasken rana da ta iska, dashen itatuwa, da sauya makamashin girki. Aikin tashar hasken rana da aka tsara ginawa a Kankia a shekarar 2016 yana cikin misalan da ke nuna tazarar da ke tsakanin sa hannu a takarda da aiwatarwa a ƙasa.

Iskar da ake magana a kanta

Hasken rana yana ɗumama doron ƙasa, ƙasa kuma ta mayar da wani ɓangare na zafin zuwa sama. Akwai wasu nau'o'in iskar gas da ke tare wannan zafi su hana shi fita gaba ɗaya. Idan suka yi yawa sai zafin duniya ya ƙaru, yanayin damina da na rani ya rikice. Manya daga cikinsu su ne:

Kabon dayoksaid, wadda ke fitowa daga ƙona fetur, dizal, gas, kwal da itace, da kuma sarrafa siminti. Kafin zamanin masana'antu yawanta a iska bai wuce kashi 280 cikin miliyan ba, yanzu kuwa ya haura kashi 420.

Mitan, wadda ke fitowa daga tumbin shanu, tumaki da awaki, daga gonakin shinkafa da ruwa ya kwanta a cikinsu, daga juji, da kuma yoyon bututun gas. A tsawon shekara 100, ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 28.

Naitros oksaid, wadda galibi ke tashi daga ƙasar noma da aka zuba wa takin zamani.

Iskar sanyaya firiji da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ake kira HFC.

Bisa lissafin da gwamnatin Najeriya ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021, ƙasar ta fitar da abin da ya yi daidai da tan miliyan 347 na kabon dayoksaid a shekarar 2018. Kimanin kashi 60 cikin ɗari ya fito ne daga fannin makamashi, kashi 25 daga noma, kiwo da sare dazuzzuka, sauran kuma daga shara da masana'antu. Nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na kabon dayoksaid da duniya ke fitarwa daga ƙona mai da kwal, amma tana cikin yankunan da suka fi ɗanɗana kuɗar fari da ambaliya.

Hanyoyin da ƙasashe ke bi

Masana doka sukan kasa hanyoyin taƙaita wannan iska gida biyar.

Na farko shi ne umarni da hani kai tsaye: doka ta haramta wani aiki, ko ta sa iyakar hayaƙin da mota ko masana'anta za ta fitar, wanda ya saɓa a ci shi tara.

Na biyu shi ne harajin kabon, inda ake sa farashi a kan kowane tan na iskar da aka fitar. Finland ta fara a 1990, Suwidin ta biyo baya a 1991. A Afirka, Afirka ta Kudu ta fara karɓar irin wannan haraji a watan Yunin 2019 a kan rand 120 kowane tan.

Na uku shi ne kasuwar kabon. Gwamnati takan ƙayyade jimillar iskar da masana'antu za su fitar, ta raba takardun izini, wanda ya rage fitarwa ya sayar da rarar izininsa ga wanda ya gaza. Tarayyar Turai ta buɗe irin wannan kasuwa a 2005, Sin kuma ta buɗe tata ta ƙasa baki ɗaya a 2021.

Na huɗu shi ne tallafi da kwaɗaitarwa, kamar lamunce wa masu samar da wutar hasken rana farashi mai kyau na tsawon shekaru, ko rangwamen haraji a kan kayan da ba sa hayaƙi.

Na biyar shi ne shari'a. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa iskar da ke ɗumama duniya tana cikin gurɓatacciyar iskar da hukumar muhalli ta ƙasar ke da ikon taƙaitawa. A 2019 Kotun Ƙolin Holan ta tabbatar da hukuncin da ya tilasta wa gwamnati ƙara rage fitarwa, a ƙarar da ƙungiyar Urgenda ta shigar.

Najeriya ta ɗan taɓa kowace daga cikin waɗannan hanyoyi, sai dai ta fi dogara ga ta farko da ta huɗu.

Yarjejeniyoyin duniya

An buɗe Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Sauyin Yanayi don sa hannu a taron birnin Riyo na ƙasar Brazil a 1992, Najeriya kuma ta amince da ita a 1994. Yarjejeniyar ta ginu a kan ƙa'idar cewa nauyin na kowa ne, amma ba daidai yake ba: ƙasashen da suka fara arzikin masana'antu su ne ya kamata su ɗauki kaso mafi girma.

Yarjejeniyar Kyoto ta 1997, wadda ta fara aiki a 2005, ta ɗora wa ƙasashe masu arziki kaɗai wajibcin ragewa. Ta kuma ba su damar biyan kuɗin ayyukan rage hayaƙi a ƙasashe masu tasowa su lissafa ragin a matsayin nasu. Najeriya ta shiga a 2004. A ƙarƙashin wannan tsari aka yi rajistar aikin tattara gas na Kwale a jihar Delta, da kuma aikin murhun Save80 mai tsimin itace, wanda wata ƙungiya da ke Kaduna mai suna DARE ta yaɗa tare da haɗin gwiwar ƙungiyar atmosfair ta Jamus.

Yarjejeniyar Paris ta Disamba 2015 ta sauya salo. Kowace ƙasa ce ke rubuta alƙawarinta da kanta, wanda ake kira NDC, ta kuma riƙa sabunta shi duk bayan shekara biyar. Manufar ita ce kada ƙaruwar zafin duniya ta kai digiri 2 a ma'aunin Salshiyos, tare da ƙoƙarin tsayar da ita a digiri 1.5. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a watan Satumbar 2016, Najeriya ta kammala amincewa a 2017. Alƙawarin farko na ƙasar shi ne rage kashi 20 cikin ɗari da ƙarfin kanta, ko kashi 45 idan ta samu tallafin waje, nan da 2030. A 2021 aka ɗaga adadi na biyu zuwa kashi 47. Ana auna wannan ragi ne da abin da ƙasar za ta fitar a 2030 in da ba a ɗauki wani mataki ba, wato kimanin tan miliyan 453, ba da abin da take fitarwa a lokacin alƙawarin ba.

A taron Glasgow na Nuwamba 2021, Buhari ya bayyana cewa Najeriya za ta kai matakin sifili nan da 2060, ma'ana abin da take fitarwa ba zai wuce abin da dazuzzuka da sauran hanyoyi ke shanyewa ba. Ƙasar ta kuma shiga alƙawarin duniya na rage mitan da kashi 30 cikin ɗari nan da 2030. Tun a 2018 ta amince da Gyaran Kigali, wanda ya tanadi rage amfani da iskar HFC sannu a hankali.

Tushen doka a cikin gida

Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Saboda haka alƙawarin da aka yi a Paris ko Glasgow ba ya ɗaure kowane kamfani kai tsaye sai ta hanyar dokar cikin gida. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, ruwa, iska, ƙasa da daji, amma yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi. Wannan ya sa masu ƙara sukan dogara da haƙƙin rayuwa da mutunci da ke sashe na 33 da na 34, da kuma sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Najeriya ta mayar da ita dokar gida a 1983.

Hukumar muhalli ta farko a matakin tarayya, FEPA, an kafa ta ne a 1988 bayan an gano sharar guba da aka jibge daga Italiya a garin Koko. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. A 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NESREA, wadda ta fitar da ƙa'idoji da dama da suka shafi wannan batu: na hana ƙona daji da ƙona shara a fili, na hayaƙin motoci, da na yaƙi da kwararowar hamada, duk a 2011, sai na ingancin iska da na sarrafa gawayi da fitar da shi waje a 2014. Ikon NESREA bai haɗa da fannin mai da gas ba.

Ƙona gas a rijiyoyin mai

Idan ana haƙo ɗanyen mai, gas yakan biyo shi. Inda babu bututun kwashe shi, kamfanoni sukan cinna masa wuta ya yi ta ci dare da rana. Wannan ita ce tsohuwar matsalar da dokar Najeriya ta fi daɗewa tana fama da ita. Dokar 1979 ta haramta ƙona gas daga 1 ga Janairun 1984, sai dai ta bar wa ministan mai ikon ba da izini a biya tara. Tarar ta fara daga kwabo 2 a kan kowace ƙafa kubik 1,000, ta kai naira 10 a 1998. Da yake biyan tarar ya fi gina bututu arha nesa ba kusa ba, kamfanoni suka zaɓi biya. An yi ta ɗage wa'adin dainawa daga wannan shekara zuwa waccan.

A watan Nuwambar 2005, Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar a madadin al'ummar Iwherekan ta jihar Delta a kan kamfanin Shell da NNPC. Kotun ta ce ƙona gas ya saɓa wa haƙƙin rayuwa da mutuncin ɗan Adam, ta kuma umarci a daina. Ba a aiwatar da hukuncin ba, amma ana lissafa shi cikin hukunce-hukuncen farko a duniya da suka haɗa hayaƙin mai da haƙƙin ɗan Adam. A 2018 Kotun Ƙoli, a ƙarar da wata ƙungiya mai sa ido kan malalar mai ta shigar da NNPC, ta faɗaɗa damar ƙungiyoyin sa-kai ta shigar da ƙara kan lalata muhalli ko da ba su ne abin ya shafa kai tsaye ba.

Ƙa'idojin 2018 sun ɗaga tarar zuwa dala 2 a kan kowace ƙafa kubik 1,000 ga kamfanin da ke haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana, da santi 50 ga wanda bai kai haka ba. Dokar Masana'antar Man Fetur ta Agusta 2021 ta sake haramta ƙonawa ba tare da izini ba, ta wajabta sa na'urar aunawa, ta kuma miƙa sa ido ga hukumar NUPRC. Najeriya ta yi alƙawarin kawo ƙarshen ƙona gas na yau da kullum nan da 2030, amma har yanzu rahotannin Bankin Duniya suna sa ta cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas.

Dokar Sauyin Yanayi ta 2021

An sha kai ƙudurori kan sauyin yanayi a majalisun da suka gabata ba su samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Ƙudurin da ya zama doka shi ne wanda ɗan majalisar wakilai Sam Onuigbo na jihar Abiya ya ɗauki nauyi, Buhari kuma ya sa masa hannu a Nuwambar 2021, kwanaki kaɗan bayan taron Glasgow. Dokar ta ɗauki salon dokar Birtaniya ta 2008, wadda ta fara amfani da kasafin kabon. A Afirka, Kenya ta riga Najeriya yin irin wannan doka tun a 2016. Manyan tanade-tanadenta sun haɗa da:

Sa burin kaiwa matakin sifili tsakanin 2050 da 2070.

Kafa Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi ƙarƙashin jagorancin shugaban ƙasa, da mataimakinsa, da ministoci da dama, da gwamnan Babban Banki, da shugaban ƙungiyar gwamnoni, da shugaban ƙungiyar ƙananan hukumomi, da wakilan mata, matasa, masu buƙata ta musamman da 'yan kasuwa.

Tsara kasafin kabon, wato iyakar iskar da ƙasar za ta fitar a wani ƙayyadadden lokaci, da shirin aiki na ƙasa duk shekara biyar.

Kafa Asusun Sauyin Yanayi, wanda zai samu kuɗi daga kasafin gwamnati, gudummawa, tara, harajin kabon da cinikin kabon.

Wajabta wa kowace ma'aikata da hukumar gwamnati ware jami'in sauyin yanayi, da kuma wajabta wa kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ɗaukar matakan rage fitarwa da miƙa rahoto duk shekara.

Shigar da ilimin sauyin yanayi cikin manhajar makarantu.

An naɗa Dakta Salisu Dahiru a matsayin babban daraktan majalisar na farko a 2022. A watan Agustan shekarar, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da Shirin Sauya Makamashi, wanda ya shafi lantarki, girki, sufuri, masana'antu da mai da gas, ya kuma ƙiyasta cewa ana buƙatar ƙarin dala biliyan 410 kafin 2060.

Lantarki: misalin Kankia

Rashin isasshiyar wuta daga babban layin ƙasa ya sa gidaje, shaguna, injinan niƙa da asibitoci suna dogara da janareto mai shan fetur ko dizal. Saboda haka duk wata manufar rage hayaƙi a Najeriya tana komawa ne ga batun lantarki. A 2015 gwamnati ta amince da manufar makamashi mai sabuntuwa, hukumar NERC kuma ta fitar da ƙa'idar farashi na musamman ga masu samar da irin wannan wuta.

A watan Yulin 2016, kamfanin NBET mai sayen wuta a madadin gwamnati ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 20 da kamfanoni 14 don gina tashoshin hasken rana masu jimillar megawat 1,125, mafi yawansu a arewa, a kan farashin santi 11.5 na dalar Amurka kowane kilowat a awa. Ɗaya daga cikinsu ita ce tashar megawat 75 da kamfanin Pan Africa Solar, tare da kamfanin JCM na Kanada, ya shirya ginawa a Kankia kan kuɗi kimanin dala miliyan 146. Kankia tana kan hanyar Katsina zuwa Kano, tana da rana mai ƙarfi kusan duk shekara, tana kuma da tashar rarraba wuta a kan layin kilobolt 132 da ya haɗa biranen biyu, abin da ke sauƙaƙa shigar da wutar cikin babban layi.

Aikin ya cije ne a kan batun lamuni. Bankunan da za su ba da rance sun san cewa kamfanonin rarraba wuta ba sa biyan NBET cikakken kuɗin wutar da suka karɓa, don haka suka nemi Ma'aikatar Kuɗi ta sa hannu a takardar da ke wajabta wa gwamnati sayen tashar idan kwangila ta rushe, tare da lamunin bankunan raya ƙasa. A daidai wannan lokaci farashin faranten hasken rana yana ta faɗuwa a duniya, darajar naira ma ta faɗi. Gwamnati ta ga cewa santi 11.5 ya yi tsada, ta nemi a sauko zuwa santi 7.5 kafin ta ba da lamuni. Yawancin kamfanonin suka ce da wannan farashi ba za su iya biyan bashin da za su ci ba. Har zuwa farkon shekarun 2020 babu ko ɗaya daga cikin tashoshin 14 da ta fara ba da wuta.

Kusa da Kankia akwai wani misalin, wato tashar wutar iska ta Lambar Rimi mai megawat 10, wadda ta ƙunshi fankoki 37 masu ƙarfin kilowat 275 kowanne. Tunanin aikin ya faro ne a zamanin gwamnatin 'Yar'adua a jihar Katsina, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta ba kamfanin Vergnet na Faransa. A Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, ya kuɓuta a Nuwambar 2013. Aikin ya shafe fiye da shekara goma bai kammala ba.

Tashar hasken rana ta Kumbotso a Kano, mai megawat 10, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023, ta bi wata hanyar daban: gwamnati ce ta ba da kuɗin kai tsaye ta hannun hukumar zuba jari ta NSIA, ba a jira rancen 'yan kasuwa ba. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki don bai wa jihohi ikon samarwa da rarraba wuta ko a wuraren da babban layi ya kai, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Lantarki a watan Yunin shekarar. Jihohin Enugu, Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar ikon kula da kasuwar wutarsu a 2024. A ƙarshen 2023 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na ƙananan tashoshin hasken rana a ƙauyuka da unguwanni, wanda Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ke gudanarwa.

Itace, gona da kiwo

A ƙananan hukumomi irin su Kankia da Kusada, inda ake noman gero, dawa, gyaɗa da wake tare da kiwo, iskar da ake fitarwa tana zuwa ne daga itacen girki da gawayi, tumbin dabbobi, takin zamani, ƙona gona lokacin sharar bazara, babura da janareto. Abin da mutum ɗaya ke fitarwa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na mazaunin Turai ko Amurka. Amma mutanen yankin Sahel sun san illar rikicewar damina tun daga farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984.

Kula da daji aikin jihohi ne, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuma ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin filayen karkara. Don haka aiwatar da manufar tarayya a wannan fanni yana hannun ma'aikatan gandun daji na jiha, ƙananan hukumomi, hakimai da dagatai. A dazuzzuka irin su Rugu, rashin tsaro ya sa sa ido ya yi wuya.

Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa. Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma ta musamman da doka a 2015. Jihar tana cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021 don farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin arewa 19 da Abuja. An kuma gudanar da shirin FUWOBA da tallafin Tarayyar Turai a ƙananan hukumomi bakwai na arewacin jihar, wanda ya haɗa rainon itatuwa a gona da yaɗa murhu mai tsimin itace. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar girki mai tsabta, wadda ke son mayar da gidaje ga gas, lantarki da ingantattun murahu. Tsadar tukunyar gas da farashin cika ta su ne manyan abubuwan da ke mayar da iyalai ga itace da gawayi.

Maƙwabciyar Katsina, jihar Maraɗi a Nijar, ta zama abin misali kan yadda doka ke sauya halin manoma. Tun daga shekarun 1980 manoman yankin suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani: maimakon tumɓuke kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a rene shi ya zama itace, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya ƙara wa gona ƙarfi. A da, itacen gona ana ɗaukarsa na hukuma ne, manomi kan sha tara idan ya taɓa shi, don haka ba ya ganin amfanin rainonsa. Da aka sassauta wannan, musamman bayan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, manoma suka samu tabbacin cin moriyar abin da suka rena. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar.

Sufuri da kuɗi

Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 an yi shi ne don dalilin tattalin arziki, amma ya yi aiki irin na harajin kabon, domin tsadar mai ta sa mutane da yawa rage tafiye-tafiye, wasu manoman rani kuma suka koma ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Ya kuma jawo tsadar abinci da sufuri wadda ta fi danne talaka. A shekarar ce gwamnati ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da gas na CNG.

A Disambar 2017 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da gwamnatinta ta sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli, na naira biliyan 10.69, sannan na naira biliyan 15 a 2019. A matakin duniya, ƙasashe masu arziki sun yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara tun a 2009, aka ɗaga shi zuwa biliyan 300 nan da 2035 a taron Baku na 2024. Tarayyar Turai kuma ta fara shirin cajin kabon a kan iyakarta daga Oktoban 2023, wanda ya shafi siminti, ƙarfe, alminiyom da takin zamani da ake shigar mata da su.

Suka da muhawara

Masu suka suna cewa matsalar Najeriya ba ƙarancin doka ba ce, rashin aiwatarwa ne. Sukan kafa hujja da shekaru 40 na ɗage wa'adin ƙona gas, da jinkirin fitar da kasafin kabon bayan wa'adin da dokar 2021 ta sa, da kuma cin karo tsakanin ayyukan Ma'aikatar Muhalli, Majalisar Sauyin Yanayi, NESREA da NUPRC.

Akwai kuma saɓani kan matsayin gas. Gwamnati tana kallonsa a matsayin gada tsakanin itace da dizal a yau da hasken rana a gobe, tana kuma cewa ƙasar da miliyoyin mutanenta ba su da lantarki ba za a hana ta amfani da arzikinta ba. Wasu ƙungiyoyin muhalli suna ganin sabbin bututu za su ɗaure ƙasar ga mai na wasu shekaru masu yawa.

Muhawara ta uku ita ce ta adalci a cikin gida. Hana sare itace ko ƙona gawayi ba tare da samar da madadi mai arha ba yakan faɗa ne a kan mai saran itace da matar da ke girki, alhali manyan masu fitar da hayaƙi suna iya biyan tara su ci gaba. Wannan ya sa masu nazarin manufofi a arewa suka fi karkata ga matakan da ke rage hayaƙi tare da ƙara wa manomi amfani a lokaci guda, irin su rainon gawo a gona, murhu mai tsimi, da wutar hasken rana ga asibitoci, makarantu da rijiyoyin burtsatse.